Takardar kaziye: kada a bari sai ranar rufe dosiye

A aikinmu na rediyo babu sanarwar da ke tada hankalin samari irin sanarwar kwankur. Da zarar mun karanta cewa gwamnati za ta ɗauki sojoji, jandarmomi, 'yan sanda ko malaman lakwal, sai waya ta dinga ƙara, kuma tambayar da ta fi yawa daga Sarkin Yamma da sauran ƙauyukan gundumar Madarunfa ita ce: mece ce wannan takarda ta kaziye, kuma ina ake samunta?

Kwanakin baya wani saurayi daga wani ƙauye na ƙaramar hukumar Sarkin Yamma ya same mu, idanunsa sun yi ja. Yana da birbe, likita ya tabbatar da lafiyarsa, babansa ya saida awaki biyu don hidimar dosiye. Kaziyen da ya haɗa kuwa tun bara ya karɓe shi, ya ninke ya aje cikin akwatin uwarsa yana jiran rana. Da aka ce ya kawo sabo sai ya tarar kwana ɗaya ya rage a rufe karɓa. Shekara guda ta tafi a kan takarda guda, shi kuma shekarun da aka ƙayyade wa masu shiga aikin soja ba sa jiran kowa.

To mene ne kaziye? Da Faransanci ana ce masa «casier judiciaire». Ajiya ce ta hukunce-hukuncen da kotu ta yanke wa mutum a kan laifi. A Faransa aka ƙirƙiro tsarin a 1850, bisa shawarar wani alƙali mai suna Bonneville de Marsangy, wanda ya ce a riƙa aika labarin kowane hukunci zuwa kotun wurin da aka haifi mai laifin. Hikimar ita ce mutum na iya sauya gari sau goma, amma wurin haihuwarsa ɗaya ne. Nijar ta gaji wannan tsari, kuma yana cikin kundin dokar bin shari'ar laifuka na 1961. Saboda haka in an haife ka a Sarkin Yamma aka ɗaure ka a Agadas, labarin zai biyo hanya ya komo gida.

Daga wannan ajiya ake fidda takarda iri 3. Mai lamba 1 ta ƙunshi kome da kome, kuma alƙalai kaɗai ake ba. Mai lamba 2 wasu hukumomin gwamnati ne ke nemanta. Mai lamba 3 ita ce tamu, wadda mutum ke nema da kansa a kan kansa, kuma doka ba ta yarda a miƙa ta ga wani daban ba. Uban budurwa ba zai je ya karɓo kaziyen mai neman 'yarsa ba, haka maigidan aiki, sai dai ya ce wa mai neman aikin ya kawo. Abin da ake rubutawa a kanta shi ne hukuncin zaman kaso. Wanda ba shi da kome sai a rubuta masa «Néant», wato babu.

A nan muna son mu kwantar da hankalin mutane da yawa. Akwai masu tsoron zuwa kotu don an taɓa kiransu jandarmari a kan rikicin gona, ko an sasanta su da makiyayi a gaban maigari ko a fadar sarkin kanto. Wannan duka ba ya shiga kaziye. Sai abin da alƙali ya yanke, ya tabbata. Shi ma wanda ya taɓa zaman kaso ƙofa ba ta rufe masa har abada ba, don doka ta tanadi hanyar wanke suna ga wanda ya gama hukuncinsa ya zauna lafiya wasu shekaru. Magatakardan kotu ko lauya za su nuna masa yadda ake nema.

Yaya ake samunta? Haifaffen Sarkin Yamma, Safo, Gabi, Ɗan Isa ko Jiratawa, kotun Madarunfa ce tasa. Haifaffen birnin Maraɗi kuma babbar kotun Maraɗi. Sai mutum ya nufi ofishin magatakarda, wanda muke ce wa girefiye, riƙe da takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa, ya biya kuɗin tambur da abin da doka ta ƙayyade, a duba ajiya, a sa hannu, a buga hatimi. Shawararmu ita ce ka tambayi kuɗin daga bakin ma'aikacin ofis, ka biya a hannunsa. Duk wanda ya tare ka a hanya ya ce kawo in yi maka da sauri, ka gode masa ka wuce. Takardar jabu kuwa laifi ce, wadda za ta iya ɓata kaziyen da kake neman a shaida yana da tsabta.

Abin da ya fi kada mutanenmu shi ne takardar haihuwa, don in babu ita babu kaziye. Dokar 2019 a kan rajistar haihuwa ta ba iyaye kwana 60 su bayyana jariri. Wanda aka bari lokacin ya wuce sai alƙali ya yi masa takardar hukunci da za ta tsaya a matsayinta, a kotu ko lokacin da alƙalai ke fita ƙauyuka. Sai kuma bambancin suna. In an rubuta Usman a nan, Usmanu a can, ko shekarar haihuwa ta saɓa, dosiye na iya komowa. A duba tun da wuri a nemi gyara.

Abu na biyu shi ne wa'adi. Masu karɓar dosiye kaziyen da bai kai wata 3 ba suke so, don mutum na iya zama mai tsabta a damina ya shiga hannu da rani. Wannan sharaɗi 'yan takara sun san shi, tun zaɓen kansiloli na 2004 har na Disamba 2020. Kenan kada a karɓa da wuri ƙwarai, kada kuma a bari sai ranar ƙarshe. Da jin sanarwa, washegari a kama hanya.

Akwai kuma 'yan cirani. Yaronmu da ke Yamai, Arlit ko Legas, aka ce ya kawo kaziye, hankalinsa gida zai komo, da kuɗin mota da kwanakin aiki da zai rasa. Kafin ya taso gara ya tambayi kotun da ke kusa da shi ko ofishin jakadancin Nijar yadda ake yi. Wasu ƙasashe sun rage wa talakawansu wannan wahala. Faransa ta tattara ajiyarta a birnin Nantes, ana neman lamba 3 ta intanet kyauta. Benin ta buɗe nema ta intanet a 2020, Burkina Faso a 2023. A Najeriya maƙwabciyarmu 'yan sanda ne ke ba da takardar shaidar hali, shi ya sa wanda ya girma a Jibiya ko Katsina yakan ruɗe ya nufi kwamisariya a maimakon kotu. Fatanmu shi ne wata rana ɗan Sarkin Yamma ya nemi tasa takarda da wayar da ke aljihunsa, duk inda yake.

Kafin nan, kiranmu ga iyaye: ku yi wa 'ya'yanku takardar haihuwa, mata da maza, tun kafin a ci ragon suna ya ƙare. Samari kuma ku kiyayi abin da zai kai ku gaban alƙali, don faɗan dandali na dare ɗaya yana iya tare maka hanyar aiki bayan shekara goma. Saurayin nan da muka ba ku labari ya ce mana bana ba za a bar shi a baya ba. Allah ya ba shi sa'a, mu kuma ya tsare mana mutuncinmu, amin.