Yadda Ake Tada Kwamfuta da Kile Idan Babbar Manhajarta ta Lalace

A ma'aikatun magajin gari, cibiyoyin kiwon lafiya, makarantu da bankunan cimaka na gundumomin Tasawa da Mayahi, sau da yawa kwamfuta guda ce ke riƙe da dukan takardun aiki: rajistar haihuwa, sunayen ɗalibai, lissafin buhunan hatsi. Ranar da ta ƙi tashi, aiki ya tsaya. Mai gyara kuwa galibi yana Maraɗi, tafiyar fiye da kilomita 100 daga Tasawa, balle ga wanda ke Korgom ko Kanambakashe. Wannan bayani zai nuna muku yadda kile, wanda a Najeriya ake kira filash, zai fid da ku daga wannan matsala.

Mene ne babbar manhaja?

Babbar manhaja ita ce ke tuƙa kwamfuta, kamar Windows ko Linux. Bisa al'ada tana zaune a faifan ajiya na cikin kwamfutar. Idan ƙwayar cuta ta kama ta, ko ɗaukewar wuta ta ɓata ta, kwamfutar ba za ta buɗe ba, alhali injin lafiyarsa lau, takardunku kuma suna nan a ciki.

Ana iya ɗora wata babbar manhajar a kan kile, a umurci kwamfuta ta tashi daga gare shi maimakon faifanta. Dabarar ba sabuwa ba ce. Linus Torvalds, wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, ya soma Linux a 1991, kuma kowa na iya saukar da ita kyauta. A 2000 Bajamushe Klaus Knopper ya fito da Knoppix, wadda ke tashi daga faifan CD ba tare da an girka ta ba. Yanzu kile ya maye gurbin CD.

Amfaninsa gare ku

Na farko, ceto takardu. Da zarar Linux ta buɗe, za ku ga faifan cikin kwamfutar, ku kwafe abin da kuke bukata zuwa wani kile dabam.

Na biyu, ƙwayoyin cutar da aka ƙera domin Windows, irin masu ɓoye takardu a kile bayan an kai shi shagon buga takardu, ba sa aiki a kan Linux. Can za ku ga takardun da suka ɓoye, ku kwashe su.

Na uku, ci gaba da aiki. Linux Mint tana zuwa da LibreOffice, wadda ke buɗe takardun Word da Excel. Ana kuma iya zaɓen jerin haruffan Hausa mai ɓ, ɗ, ƙ da ƴ.

Na huɗu, tsofaffin injuna. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, ya kuma kawo ƙarshen kulawar yau da kullum ga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Linux mai sauƙin nauyi, kamar Xubuntu ko Emmabuntüs da ƴan sa kai na Faransa suka tsara domin kwamfutocin hannu, tana ƙara musu kwana.

Yadda ake shirya shi

Ku shirya kilen tun kwamfuta na da lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

1. Ku nemi kile mai giga 16. Akwai na jabu a kasuwa da ke nuna girman da ba su da shi, saboda haka ku saya wurin wanda kuka amince da shi.

2. Inda intanet ke da ƙarfi, ku sauko da Linux Mint daga shafinta na ainihi. Nauyinta ya kai kimanin giga 3. Saukarwa ɗaya ta isa a shirya kile da yawa, don haka ma'aikatun gari guda na iya haɗa kai.

3. Ku yi amfani da manhajar Rufus wajen ɗora ta a kan kilen. A lura: wannan aiki yana share duk abin da ke cikin kilen.

4. Ku kashe kwamfutar, ku soka kilen, ku kunna, nan take ku riƙa danna maɓallin zaɓi: F9 a HP, F12 a Dell da yawancin Lenovo. Sai ku zaɓi sunan kilen.

5. Idan ta buɗe, ku mai da jerin haruffa na Faransanci, in ba haka ba maɓallin A zai riƙa rubuta Q.

Abubuwan kiyayewa

Za ku ga alamar girkawa a fuskar kwamfutar. Kada ku taɓa ta kafin ku kwafe takardunku, domin girkawa na iya share faifan ciki baki ɗaya.

Abin da kuka rubuta yana ɓacewa da zarar an kashe kwamfuta ko wuta ta ɗauke, sai fa idan kun ware wurin ajiya mai ɗorewa lokacin shirya kilen da Rufus, ko kun adana aikin a wani kile.

Idan an kulle faifan ciki da BitLocker, ba zai buɗu ba sai da lambar sirrinsa. Idan kuma faifan kansa ne ya mutu, kile ba zai dawo da abin da ke ciki ba.

Kamar yadda kile ke buɗe muku kwamfuta, haka zai buɗe wa wani. Takardun majinyata da na haihuwa amana ce, saboda haka a riƙa kulle ofis, kuma kada a tada kwamfutar kowa sai da izininsa.

Kile ba ya son zafin bazara da ƙurar hunturu, kuma yana saurin ɓata. Ku rubuta masa suna, ku ajiye shi a akwati mai murfi, ku gwada shi duk wata.

A ƙarshe, ku ɗauki wannan kile tamkar tayar safaya: zai kai ku wurin mai gyara, amma ba shi ne rumbun takardunku ba. Ku kwafe muhimman takardu a wuri biyu kowane ƙarshen mako, ku kuma koya wa aƙalla mutum biyu a ma'aikatarku yadda ake tada kwamfuta da shi.