Ko ka sani? Jirgin sama na iya kai ƙarar ƴan fashinsa ba tare da matuƙi ya buɗe baki ba

Manyan jiragen da ke ratsa sararin Icirnawa da Matameye a Nijar, waɗanda da rana sai dai a ga farin layin da suka ja, da dare kuma ƴar fitila tana ƙiftawa, suna can sama da kilomita 10 zuwa 12. Manomi a gona ba ya jin rugugin ɗayansu sai ya riga ya wuce. Duk da wannan nisa, kowanne yana tafe yana faɗin sunansa. Akwai wata ƙaramar na'ura a cikinsa da ake kira tiransfonda, wadda ba ta da aiki sai amsa tambaya.

Rada da ke ƙasa ita ke aika tambayar ta iska, tiransfonda kuma ta mayar da amsa nan take: ga lambata, ga tsayin da nake. Kamar dai direban da ya iso shingen Ɗan Barto ne, aka ce masa "takardu", ya miƙa ta taga. Lambar guda huɗu ce a jere, mai kula da zirga-zirgar jirage ne ke ba matuƙi ita, shi kuma ya shigar. Ba 8 ba 9 a cikinta, daga 0 zuwa 7 ake tsayawa, shi ya sa duka lambobin da za a iya haɗawa 4096 ne. A allon mai kula, kowane ɗigo yana tafiya da lambarsa a gefe, don haka ba ya rikita jirgin Kano da na Jidda. A Nijar hukumar ASECNA ce ke wannan aiki, kuma makarantarta da ke horar da masu kula da jirage na ƙasashen Afirka da dama, EAMAC, a Yamai take.

Cikin lambobin nan akwai uku da ba a ba kowa. 7700 tana nufin jirgi ya shiga hatsari, 7600 rediyonsa ya mutu, 7500 kuwa an ƙwace shi. Dabarar ta ukun ita ce shiru. Matuƙin da aka ɗora wa wuƙa a wuya ba zai ɗauki rediyo ya ce "ku zo" ba, amma yatsunsa na iya latsa lamba huɗu ana kallonsa kamar yana aikinsa na kullum. Da ta fito a allo, mai kula zai tambaya a taƙaice ko da gangan aka sa ta. In aka yi masa shiru, shirun ya zama amsa, sai ya kau da sauran jirage daga hanya, ya sanar da hukumomi. Tsofaffin na'urori da maɓallin murɗawa suke, kuma tun a makaranta ake jan kunnen ɗalibi kada ya bi ta kan 7500 garin neman wata lamba. Gargaɗin ba na banza ba ne: a Nuwamban 2019 wani matuƙi ya tada ƙararrawar fashi bisa kuskure a filin jirgin Amsterdam, ƴan sanda suka cika wurin, alhali ba kowa.

Iyakar na'urar ke nan, ta yi kururuwa. Abin da zai biyo baya ya danganta da ƙasar da tayoyin jirgin suka taɓa, kuma Nijar ta ga wannan da idonta.

Ranar 25 ga Oktoban 1993 wani jirgin Nigeria Airways ƙirar Airbus A310 ya tashi daga Legas zuwa Abuja da mutum fiye da 150. Samari huɗu na wata ƙungiya da ake kira MAD suka ƙwace shi, don nuna fushinsu kan soke zaɓen 12 ga Yuni da ake ganin Moshood Abiola ya ci, suna neman gwamnatin riƙo ta Ernest Shonekan ta kauce. Jamus suka so zuwa, amma jirgin da aka zuba wa mai don tafiyar cikin gida ba zai kai Turai ba, sai ya sauka a Yamai. A lokacin shugaban Nijar Mahamane Ousmane, ɗan Damagaram, watansa shida ke nan a kan mulki. Samarin suka saki akasarin fasinjoji, suka riƙe sauran, suka ce za su cinna wa jirgin wuta in ba a biya musu buƙata cikin awa 72 ba. Bayan kwana uku jami'an tsaron Nijar suka kutsa jirgin da dare, aka kama su, ma'aikacin jirgin guda ya rasa ransa. Ba a yi wata ɗaya ba Shonekan ya faɗi, sai dai wanda ya hau Janar Sani Abacha ne.

To, jirgi na Najeriya, samari ƴan Najeriya, rigimar ma ta Najeriya, me ya sa Nijar a ciki? Yarjejeniyar Hague ta 1970 kan fashin jirage, wadda ƙasashen biyu suka shiga, ita ta amsa wannan. Ta ce da zarar jirgi ya sauka a wajen ƙasar da aka yi masa rajista, maganar ta zama ta ƙasa da ƙasa, ko da tafiyar cikin gida ya fito. Ƙasar da ya sauka da ɗan fashi a ciki tana da hurumin shari'a, kuma zaɓi biyu gare ta: ko ta miƙa shi, ko ta kai maganarsa gaban masu gabatar da ƙara na gida. Ba ta da damar ta ce masa Allah kiyaye hanya. Wajibi ne kuma ta taimaki fasinjoji su ci gaba da tafiya, ta mayar da jirgi ga masu shi. Akwai wani sharaɗi da ke ba ni sha'awa: jirgin da aka tilasta wa sauka, a idon doka yana nan yana tafiya har sai hukuma ta karɓe shi, ko da ya kwana uku tsaye a rana. Samarin huɗu sun yi wajen shekara tara a gidan kaso a Nijar.

Raunin tiransfonda shi ne ana iya kashe ta, don matuƙi na buƙatar hakan in ta lalace ko waya ta fara hayaƙi. Ranar 11 ga Satumban 2001 a Amurka, cikin jirage huɗu da aka ƙwace an kashe ta a uku. Daga nan aka koma ga ƙofa: ta ɗakin matuƙa ta zama mai sulke, ana kulle ta daga ciki. Amma ƙofa ba ta san na gida ba. A Fabrairun 2014, a jirgin Ethiopian Airlines mai zuwa Rum daga Addis Ababa, kyaftin ya fita bayan gida, mataimakinsa ya kulle ƙofa, ya sa 7500 da hannunsa, ya nufi Geneva ta Suwizalan neman mafaka. Jiragen yaƙin Italiya da Faransa ne suka raka shi, don da asuba ne, sojan saman Suwizalan ba su buɗe aiki ba. Ya sauka lafiya, ya zuro igiya ta taga, ya miƙa kansa ga ƴan sanda. Suwizalan ba ta mayar da shi ba. Kotunta ta ce yana da taɓin hankali, ta tura shi magani, kotun Habasha kuma ta yanke masa shekara 19 da wata shida a bayan idonsa.