Masana Na Jijjiga Bangon Bututu Don Rage Asarar Makamashi

Tun daga shekarar 2024 ɗanyen man Agadem ke bin bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 daga jihar Diffa zuwa gaɓar teku a Seme ta ƙasar Benin, kamar yadda na Doba a Cadi ke bin nasa mai kilomita 1,070 zuwa Kribi tun 2003. Abin da mai karatu ba lalle ya lura da shi ba shi ne, yawancin ƙarfin da injunan tura mai ke kashewa a irin wannan doguwar hanya, gogayyar da ke tsakanin man da bangon bututun ce ke cinye shi. Haka abin yake ga jirgin sama na fasinja, inda kusan rabin turjiyar da yake fuskanta daga gugar iska da jikinsa take fitowa.

A 1883 wani malami a Manchesta ta Ingila, Osborne Reynolds, ya zuba launi a cikin ruwan da ke bin bututun gilashi, ya ga in ruwan na tafiya a hankali launin na miƙewa kamar zare, in kuwa ya yi sauri sai komai ya hargitse. Wannan hargitsin shi ne tushen matsalar. Dab da bango akwai ƴan ƙananan guguwoyi masu juyi, waɗanda ke ɗebo ruwa mai gudu daga tsakiya su maka shi a jikin bangon, su kuma ɗaga mai nauyin tafiya sama. Duk makawa ɗaya ƙarin gogayya ce.

A 1992 wasu masana uku a Jami'ar Mishigan ta Amurka, Jung da Mangiavacchi da Akhavan, suka gwada wata dabara a kwamfuta. Suka sa bangon yana kai-komo hagu da dama, a gicciye da hanyar ruwan, kamar yadda mai tankaɗe ke kaɗa rariya. Hankali zai ba mutum cewa girgiza sai ta ƙara hargitsi, amma sai gogayyar ta ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Dalili kuwa, motsin bangon na jan wani siririn sashe na ruwan da ke manne da shi gefe da gefe, sai ya raba guguwoyin nan da layukan ruwan da suke ciyar da su, ƙarfinsu ya karye. A 1994 aka ga hakan da iska a ɗakin gwaji a Liyon ta Faransa, a 1998 kuma Choi da Graham a Nottingam suka riƙa murɗa bututun ruwa gaba da baya, suka samu ragin kusan kashi 25.

To, amma fa bango ba ya motsa kansa. Duk ɗan kasuwa ya san ba a kiran riba sai an fitar da uwar kuɗi. Da Maurizio Quadrio da Pierre Ricco suka yi lissafin a Milan ta Italiya a 2004, sun ga ana iya kai ragin kusa da kashi 45, sai dai a wannan matakin wutar da ake kashewa wajen jijjigar ta zarce wadda aka tsira da ita, wato tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da biri an sayi kare. Sai an sassauta motsin ake samun ribar kashi 7 kacal, ita ma da sharaɗin injin da ke jijjigar ba ya asarar komai, irin injin da ba a taɓa ƙerawa ba. A 2009 suka gyara dabarar tare da Viotti, suka sa motsin ya riƙa tafiya a jikin bangon kamar igiyar ruwa, ribar ta tashi zuwa kashi 18 a lissafi.

Wata matsalar ita ce sauri. A jikin jirgin sama guguwoyin ƙanana ne ƙwarai, kuma sai bangon ya kai ya komo sau dubbai a daƙiƙa guda kafin ya cim musu. Shi ya sa aikin Ivan Marusic da abokansa a Melbon ta Ostareliya ya ja hankali a 2021. Sun jijjiga bangon a hankali don su taɓa manyan guguwoyin da ke nesa da shi, suka ba da rahoton ragin kashi 13 da wuta kaɗan. Masana daga Italiya da Jamus sun ƙalubalanci fassarar da aka yi wa sakamakon, kuma a ganina ba laifi ba ne a jira a ga wasu ɗakunan gwajin sun maimaita shi.

A halin da ake ciki, dabarun da suka shiga kasuwa su ne waɗanda ba sa motsi. A 1979 aka fara zuba wani sinadari mai dogayen ƙwayoyi a bututun man Alaska don kwantar da hargitsin. Kamfanonin Lufthansa Technik da BASF kuwa sun ƙera leda mai ƴan siraran tsagu irin na fatar kifin shak, wadda aka fara liƙa wa jiragen Boeing 777 na kamfanin SWISS a 2022. Ragin man da take kawowa wajen kashi 1 ne cikin 100, kuma a kan wannan kashi ɗayan kamfanonin jirage ke biyan kuɗin liƙa ta.