Ubangiji Mai Wanke Ƙafafu: Tawali'u, Hidima da Tuba ta Kullum

 A wannan fitowa za mu duba abubuwa uku da ba sa rabuwa: tawali'un Allah, hidimar da ya kira mu gare ta, da kuma tuba.

Allah ne ya fara sunkuyawa

A ƙasarmu mun san yadda girma yake. Talaka ne ke tuɓe takalmi ya durƙusa a gaban hakimi, yaro ne ke kawo wa baƙo ruwa. Amma a Yahaya sura 13 an juya al'amarin. A daren da za a bashe shi, Yesu ya ajiye rigarsa, ya yi ɗamara da mayafi, ya zuba ruwa a daro, ya bi almajiransa ɗaya bayan ɗaya yana wanke musu ƙafa. A wancan zamani wannan aikin bawa ne. Luka sura 22 ta nuna mana cewa a daren nan ma almajiran suna gardamar wane ne babba a cikinsu. Har Yahuza, wanda zai bashe shi, an wanke masa.

Manzo Bulus ya bayyana wa Filibiyawa a sura 2 cewa wannan shi ne halin Almasihu tun farko. Yana daidai da Allah, duk da haka ya ɗauki matsayin bawa har ya mutu a kan gicciye. Saboda haka in Kirista ya ƙasƙantar da kansa, halin Ubangijinsa ya gada.

Misali daga ƙasar Kano

A ƙarshen shekarun 1930, mishan ta SIM, wadda ɗarikar ECWA ta fito daga cikinta a 1954, ta karɓi aikin kula da masu ciwon kuturta a lardunan Kano, Katsina da Sakkwato. Yadakunya kusa da Kano, Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato sun zama wuraren jinya. A lokacin ana gudun kuturu, ba a cin abinci da shi a ƙwarya ɗaya. Amma a can, masu jinya, Turawa da 'yan ƙasa, suna wanke gyambo suna ɗaure shi kowace safiya. Waɗansu majinyatan da suka sami sauƙi sun koyi aikin, suka koma suna yi wa waɗansu. Sunan Yadakunya kansa wa'azi ne: mai hidima sai ya yar da kunya.

Yau kuturta tana warkewa, kuma tun 1995 ana ba da maganinta kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. Amma har yanzu akwai waɗanda ake gudu a ƙauyukanmu: gwauruwar da aka ƙwace mata gona, mai cutar ƙanjamau, tsohon da ba shi da mai ɗebo masa ruwa. Ƙafafunsu ne ke jiran daronmu.

Tuba kamar noma take

Da Bitrus ya ce a wanke shi duka, Yesu ya nuna masa cewa wanda ya riga ya yi wanka, ƙafa kawai yake bukatar wankewa. Wanda ya je kasuwar Tudun Wada a ƙasa lokacin hunturu ya san wannan: ya fita tsaf da safe, ya dawo da ƙura har ƙauri. Almasihu ya tsarkake mu sau ɗaya, amma muna kwasar ƙurar zunubi kowace rana.

Babu manomin da ke yin noman fari ya ce ya gama da ciyawa. Sai ya yi maimai, in ba haka ba masara ta shaƙe. Mai hidima ma yana da tasa ciyawar. Idan taki ko hatsin agaji ya zo, dattijon ikkilisiya yana iya sa danginsa a gaban layi. Shugabar zumuntar mata tana iya jin haushi don ba a ambaci sunanta ba. Muna iya taimakon mutum, gobe mu yi masa gori. Muna iya hana maƙwabci Musulmi ko Bafulatani abin da yake bukata don ba namu ba ne. Girman kai yakan ɓuya a cikin aikin kirki kamar wuta-wuta a gindin dawa, ba a ganinta sai ta gama ɓarna. Shi ya sa 1 Yahaya sura 1 take koya mana mu riƙa furta zunubanmu, gama Allah mai aminci ne ya gafarta.

Abin da za mu yi

Kafin Jibin Ubangiji mai zuwa, kowa ya nemi wanda ya ɓata wa rai, ya roƙi gafara, ya mayar da abin da ya riƙe. Kwamitin rabon agaji ya karanta sunaye a gaban jama'a, shugabanni su karɓa a ƙarshe. Matasa su haɗa gayya a gonar wata gwauruwa ba tare da jiran abinci ba.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wane aiki ne a majami'armu kowa yake gudu? Wa zai fara ɗaukarsa?
2. Wane ne a ƙauyenmu ba mai kai masa ziyara?
3. Yaushe rabon da mu nemi gafarar juna a fili?

Ubangiji ya ba mu zuciyar bawa. Amin.