Zazzaɓin Tumaki a Jikin Dattawan Niyok

Tsakanin Satumba da Nuwamban 2014, rahoto biyar suka iso ma'aikatar lafiya ta jihar Niyok a Amurka, ɗaya bayan ɗaya. Mutum biyar ne, duk dattawa, an auna jininsu an ga alamar ƙwayar cutar Coxiella burnetii, wadda ke haddasa ciwon da likitoci ke kira zazzaɓin Q. Kukansu kusan iri ɗaya ne: zazzaɓi, rawar sanyi, ciwon kai, da wata kasala da ta ƙi sakin jiki.

Ciwon ba baƙo ba ne. Tun 1935 wani likita a Brisbane ta Ostireliya, Edward Derrick, ya fara bin sawunsa a jikin ma'aikatan mayanka, kuma tun daga nan aka san waɗanda ya fi kamawa: mahauta, makiyaya, likitocin dabbobi, da duk wanda gidansa ke bakin garke. Tumaki da awaki da shanu su ne maɓoyarsa. Dabba takan yi ta yawo da ƙwayar lafiya lau, in ban da ɓari da takan yi wani lokaci. Amma da zarar ta ɗauki ciki sai ƙwayar ta tare a mabiyiya ta yi ta hayayyafa, har giram ɗaya na mabiyiyar tunkiya mai cutar yakan ɗauki ƙwayoyi biliyan guda. Ranar haihuwa su fito tare da ruwa da jini, su bushe a turke, iska ta kwashi ƙurar ta yi gaba da ita. 'Yan ƙwayoyi ƙalilan sun isa su kwantar da ƙato idan ya shaƙa. Mutanen Holan sun ɗanɗana: daga 2007 zuwa 2010 sama da mutum 4,000 suka kamu daga gonakin awakin madara, har gwamnati ta sa aka hallaka dabbobi masu ciki fiye da 50,000.

Saboda haka mai binciken wannan ciwo gona yake fara nema. Amma da jami'an lafiya suka zauna da mutanen nan biyar, abin da ya haɗa su ba gona ba ce, ba kuma mayanka ba. Tafiya ce. Dukkansu sun je Jamus a watan Mayu, cikin ayari ɗaya, zuwa jihar Rhineland-Palatinate.

Nan mai gaggawa zai rufe fayil. Yanki ne mai karkara da tumaki, kuma a wannan shekarar ma an sami ɓullar zazzaɓin Q a can cikin mutanen da suka shaƙi iskar wani garke. Baƙi sun zo, sun shaƙi abin da 'yan gari suka shaƙa, shi ke nan. Sai dai lissafin kwanaki ya ƙi yarda. Wanda ya shaƙi ƙwayar yakan yi mako biyu zuwa uku kafin jiki ya yi zafi, domin sai ta zauna a huhu ta yawaita tukuna. Su kuwa waɗannan, cikin kamar mako guda ciwo ya kayar da su. Irin wannan sauri yana nuna ƙwayar ta shiga da yawa a lokaci ɗaya, kuma ta gajeriyar hanya.

To, mako guda daga wace rana? Daga 30 ga Mayu, ranar da wani likitan Jamus ya yi musu allura a tsoka. Ba yawon buɗe ido ya kai su ba. Sun je ne a ɗura musu ƙwayoyin halittar ɗan tayin tunkiya, wai don jiki ya sabunta, tsufa ya ja baya.

Wannan sana'a tana da tarihi. Wani likitan Suwizalan, Paul Niehans, shi ya fara ta a 1931, lokacin da ya niƙa wani ɗan ƙullutun wuyan maraƙi ya yi wa wata mata allurarsa bayan an lalata nata wajen tiyata. Matar ta rayu, shi kuma ya gina suna da dukiya a kan ra'ayin cewa ɗanyen naman jaririn dabba yana farfaɗo da gaɓar mutum da ta gaji. A shekarun 1950 har Fafaroma Pius na 12 ya yi wa magani. Yadda ake yi kuwa ba ɓoyayye ba ne: a yanka tunkiya mai ciki, a ciro ɗan tayin, a ɗebi hanta ko zuciya ko mabiyiya, a niƙa a dama da ruwan gishiri, a zuƙa a sirinji a tsira wa mutum tun abin bai huce ba. Ba a dafawa, ba a zuba maganin kashe ƙwayoyi, domin abin da ake sayarwa ke nan, ɗanyantakar. Duk abin da zai kashe cuta zai kashe hajar.

Zargi ya yi ƙarfi, amma mutum biyar da suka yi tafiya tare suna iya haɗuwa da cuta a ko'ina. Ana buƙatar wanda ya sha allurar amma ba ɗan ayarin ba. Sai ga shi an samu: wata mazauniyar Kanada, an yi mata irin allurar a Jamus cikin Mayun, aka tabbatar da zazzaɓin Q a jikinta tun watan Yuli. Hukumar CDC ta Amurka ta shiga maganar, aka aika bayanan marasa lafiyar zuwa Cibiyar Robert Koch a Berlin, ita kuma ta miƙa wa jami'an yankin. A nan aka ɗaure bakin zaren. Garken da ya sa wa mutanen yankin ciwo ta iska, shi ne garken da likitan ke ɗaukar tumakin allurarsa. An ba majinyatan maganin doxycycline, wanda aka saba bayarwa a wannan ciwo, CDC kuma ta fitar da rahoton a 2015.

Mai karatu zai tambaya ina hukuma take. Gwamnatin tarayyar Jamus ta haramta wannan allura a 1997, amma a 2000 kotun tsarin mulki ta soke haramcin. Ba don ta gamsu maganin yana aiki ba. Hujjarta ita ce, abin da likita ya haɗa da hannunsa don majinyacinsa ba hurumin tarayya ba ne, na jihohi ne. Ta wannan kafa sana'ar ta ci gaba.

Yawancin masu sha'awar mabiyiya yau ba sa zuwa Jamus. Kafso suke saya, na mabiyiyar tunkiya daga Ostireliya da Niyuzilan, na barewa, na doki ko alade daga Japan (wannan na ƙarshe kaɗai ya isa ya sa Musulmi ya juya kwalba ya karanta bayanta). Masu talla sukan ce ai dabba ma tana cinye mabiyiyarta bayan ta haihu. Haka ne, duk mai kiwo ya taɓa gani, amma tunkiya ba ta taɓa komawa 'yar rago don ta ci ba. Kafson bai kai allurar haɗari ba, kuma dalilin shi ke tona asirin tallar. Coxiella ƙwaya ce mai taurin rai, bushewa ba ta kashe ta, har ma da ita aka auna zafin da ake ɗumama madara a masana'antu, digiri 72 na daƙiƙa 15. Kamfanin da ke son garinsa ya zama mai tsabta dole ya gasa shi ko ya bi da shi ta wata hanyar kashe ƙwayoyi, kuma ƙwayoyin halittar mabiyiya, da suke da laushi, su za su riga mutuwa. Abin da ya rage furotin ne, ciki ya narkar da shi yadda yake narkar da kilishi.

Duk da haka akwai masu rantsuwa cewa kafsonsu yana ɗauke da ƙwayoyin halitta masu rai. A 2019 hukumar HSA ta Singafo ta gargaɗi jama'a kan Purtier Placenta, kafson mabiyiyar barewa da ake tallatawa ta hanyar kawo-mutum-ka-ci-riba, ta ce irin waɗannan ƙwayoyi sai a tsananin sanyi suke rayuwa, kuma ko sun kai ciki ruwan narkar da abinci zai lalata su. A Yulin 2021 kotu ta ci tarar kamfanin Riway, mai sayar da shi, saboda iƙirarin cewa kafson yana maganin kansa da ciwon sukari. Tarar dalar Singafo 3,000 ce.