Lamu, Garin Bakin Teku Da Har Yanzu Jaki Ke Yi Wa Dako

Mai zuwa Lamu ta jirgin sama yakan sauka ne a tsibirin Manda da ke tsallaken garin, daga nan ya shiga kwale-kwale ya haye ruwa na 'yan mintuna. Tun daga kan ruwan zai hango fararen benaye a jere a bakin gaɓa, da jiragen katako masu ƙaton ƙyallen kama iska, da 'yan dako suna sauke buhunan siminti ana ɗora wa jakuna. Garin yana arewacin gaɓar tekun Kenya, ba nisa da iyakar Somaliya, kuma a 2001 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya, a matsayin garin Suwahili mafi daɗewa da ya riƙe siffarsa a Gabashin Afirka. Hotunansa kaɗai sun isa su ja mutum. Amma abin da nake so mai niyyar yawon buɗe ido ya fahimta shi ne, kyan Lamu daga rayuwar mutanensa ya fito, kuma yadda baƙo ya zauna da inda ya kashe kuɗinsa suna cikin abubuwan da za su raya wannan rayuwa ko su kore ta.

Kusan duk abin da ke burge ido a garin yana da dalilinsa na amfani. Lungunan sun matse, wasu har mutum biyu ba sa jerawa, domin dogayen bangaye su ba da inuwa a wurin da zafi da gumi ba sa ɗaga ƙafa. An yi ginin da dutsen murjani da farar ƙasa, an rufe shi da sandunan itacen da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, waɗanda ake kira boriti. Tsawon sandar shi ke yanke faɗin ɗaki, shi ya sa ɗakunan suke dogaye marasa faɗi, kuma duk maginin da ya taɓa aiki da azara a Kano ko Zariya zai gane wannan lissafi nan take. A ƙofar gida akwai daka, wato rumfa mai dakalin dutse inda maigida ke ganin baƙonsa ba tare da ya shigar da shi cikin iyali ba, aikin da zaure ke yi a wurinmu. Mota ba ta iya shiga lungunan, saboda haka yashi da bulo da kayan masarufi duk a bayan jaki ko a amalanke suke tafiya, har garin ya samu asibitin jakuna tun 1987. Arzikin da ya gina benayen kuwa iska ce ta kawo shi: kaskazi mai turo jirage daga ƙasashen Larabawa da Indiya daga wajen Disamba, da kusi mai mayar da su gida bayan watanni, ɗauke da boriti da hauren giwa, da kuma bayi, abin da bai kamata kyan ƙofofin sassaƙa ya sa a manta ba.

Garin na Musulmi ne, kuma a kan kiran salla yake tafiyar da yininsa. Masallacin Riyadha, wanda Habib Saleh ya kafa a ƙarshen ƙarni na 19 bayan ya zo daga tsibiran Komoros, har yau makaranta ce, kuma shi ne cibiyar Maulidin Lamu da ake yi a watan Rabi'ul Awwal, wanda ke tara jama'a daga ƙasashen yankin. Ana karatu da yabon Annabi, a gefe kuma ana tseren jakuna da na jirage da gasar iyo. Wannan taro ya girmi sana'ar yawon buɗe ido, don haka baƙo yana shiga hidimar masu gida ne. Tufafin wanka a bakin ruwa suke tsayawa, ba a ɗaukar hoton mace sai da izininta, kuma a watan azumi ba a tauna abinci a kan hanya da rana. Ga Bahaushe wannan ba sabon karatu ba ne.

Akwai masu cewa idan ana son a tsare irin wannan gari, to a daina zuwa, domin baƙi ne ke lalata shi. Suna da hujja, kuma hujjar tana ƙauyen Shela, kimanin kilomita 3 daga garin, inda rairayin bakin teku ya miƙe kusan kilomita 12. A can attajiran Turai sun sayi tsofaffin gidaje da yawa sun gyara su, farashi ya tashi, gidajen kuma sukan zauna a kulle mafi yawan shekara. Ga kuma ruwan sha: tsibirin Lamu ya dogara ne da ruwan sama da ke taruwa a ƙarƙashin tudun yashin Shela, kuma kowane sabon gini mai wurin iyo daga wannan ajiya yake ɗiba. To amma ƙaurace wa garin ba magani ba ne. Tsohon cinikin ya mutu tun da aka soke bauta a 1907 kuma layin dogo ya karkatar da fatauci zuwa Mombasa. A gaskiya talauci ne ya hana a rushe tsofaffin gidajen a gina na siminti, kuma talauci ba ya iya gyara rufin da ke yoyo. An ga abin da rashin baƙi ke yi bayan sace wasu Turawa a yankin a 2011 da harin garin Mpeketoni na 2014, lokacin da masaukai suka zama fayau, masu jirage da masu sassaƙa da masu sayar da kifi suka rasa ciniki. Tambayar da ta dace ita ce a hannun wa kuɗin baƙo ke sauka. Wanda ya sauka a gidan baƙi na ɗan gari, ya yi shatar jirgin masunci, ya sayi akwati daga hannun masassaƙin da ya yi shi, ya taimaka wa wani iyali su ci gaba da zama a gidan kakanninsu maimakon su sayar.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, domin daga 'yan garin yake fitowa: don me za a ce mu dawwama a bayan jaki saboda wani ya ɗauki hoto? 'Yan acaɓa, waɗanda ake kira boda boda, sun shigo hanyar bakin ruwa, masu kula da kayan tarihi suna kuka, amma mai naƙuda ko mara lafiya da ke neman asibiti bai damu da hoto ba. A nan ina ganin baƙo ba shi da ta cewa sosai, kuma bai kamata ya ji haushi ba idan ya tarar da garin bai yi daidai da hoton talla ba. Mutanen Lamu sun nuna sun san abin da suke so su tsare. Lokacin da aka shirya gina tashar lantarki mai amfani da kwal a kusa da su, ƙungiyar 'yan yankin mai suna Save Lamu ce ta kai ƙara, kotun muhalli ta Kenya ta soke lasisin aikin a 2019. Sabuwar tashar jiragen ruwa da ta fara aiki a 2021 a mashigin Manda ita ma za ta sauya garin fiye da yadda babura za su yi, kuma masunta sun yi shari'a a kan diyyar wuraren kamun kifinsu.

Saura maganar tsaro, wadda ba ta ɓoyuwa. 'Yan al-Shabaab sun sha kai hari a ɓangaren tudu na yankin, har da sansanin soja na mashigin Manda a Janairun 2020, shi ya sa yawancin baƙi ke zuwa ta sama daga Nairobi ko Mombasa ko Malindi maimakon bin hanyar mota. Mai shirin tafiya ya binciki halin da ake ciki kafin ya yanki tikiti. Ya kuma duba kalanda: daga Afrilu zuwa Yuni ruwa ake yi kuma teku kan yi fushi, daga Disamba zuwa Maris ruwa ya fi kwanciya amma masauki ya fi tsada. Mai son Maulidi ya kama ɗaki tun da wuri, ya kuma ware rabin yini don Matondoni, ƙauyen da har yanzu ake sassaƙa jiragen katako da hannu a bakin ruwa.