Kacici-kacicin namun daji: mun riƙe sunaye, ina dabbobin?

Kowace Lahadi da dare, bayan an watse daga kasuwa, mukan buɗe layi a gidan rediyo domin wasan kacici-kacici a kan namun daji. Dokar wasan irin ta kakanni ce: mu siffanta dabba, mai saurare ya faɗi sunanta, in ya kasa ya ba mu gari. Mafi yawan masu bugo mana salula ƴan kasuwa ne, maza da mata, kuma ba su da sauƙin kayarwa.

Wani dare muka ce: tsuntsu ne amma ba ya tashi, yatsu biyu gare shi a kowace ƙafa, ƙwansa guda ya kai na kaza wajen 24. Wata mai saida ƙwai daga Maraɗi ta amsa nan take: jimina! Har ta yi mana lissafin kuɗin ƙwan da farashin ranar. Sai muka ƙara tambaya: wa ya taɓa ganin jimina a daji da idonsa? Layi ya yi tsit. Can sai wani dattijo daga Damagaram ya ce ya gani, amma tun yana yaro.

Maganar tasa tana kan hanya. Jimina mai jan wuya ta ɓace daga dajin Nijar, saboda farauta da kwasar ƙwai da cinikin gashinta. Yanzu sai kiwonta ake yi cikin shinge, kamar a Kelle, wajen Gure, da fatan a maida ta daji wata rana.

Kacici-kacici na biyu ya fi daɗin ji. Wuyanta ya fi na kowa tsawo, amma ƙashin wuyan 7 ne kamar na mutum. Tana ɗaukar ciki wata 15 ta haifi ɗa guda. Raƙumin dawa ke nan. A duk Afirka ta Yamma, irin nasa a Nijar kaɗai ya rage, a yankin Kure, kilomita wajen 60 daga Yamai kan hanyar Doso. A shekarar 1996 guda 49 kacal aka ƙirga. Da aka hana kisa, mutanen ƙauyuka suka ba da hannu duk da ɓarnar da yake musu a gonakin wake, sai yawansa ya zarce 600. A 2018 aka ɗauki guda 8 cikin manyan motoci zuwa gandun Gadabeji, cikin jihar Maraɗi, inda ya daɗe da ɓacewa.

Jama'a, jimina da raƙumin dawa ƙasa guda suka zauna, amma ɗaya ta tafi, ɗaya ya farfaɗo. Bambancin yana hannun mutane, kuma kasuwa tana ciki. Maharbi ba ya wahalar shiga daji sai ya san akwai mai saye. Fata, gashi, ƙwai da man dabbar da ake kawowa a ɓoye da sunan magani, duk a rumfunanmu suke samun kuɗi. Itacen da ake sara babu ƙa'ida a loda zuwa birni, ganyensa ne abincin raƙumin dawa. Dokar farauta ta 1998 ta hana taɓa waɗannan dabbobi, amma ma'aikatan gandun daji ba za su iya tsayuwa bakin kowace rumfa ba. Mai rumfar shi ke iya cewa: ba na saye.

Duk wadda sari ya kai ta Yamai, ta ware awa guda ta leƙa gidan tarihi na ƙasa Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959, in da hali ta tafi da yaro ya ga zaki da kura da dorina da kada ido da ido.

Ga kuma na mako mai zuwa: tana zaune cikin kogin Isa amma ba kifi ba ce, ciyawa take ci, tana shayar da ɗanta nono. Wanda ya kasa, ya tanadi garin da zai ba mu.